Yadda Ake Zaɓen Fok Mai Shok Marar Nauyi Ga Keken Hawa Dutse

Duk wanda ya taɓa saɓa keken hawa dutse a kafaɗa don ya tsallake kwazazzabo, ko ya ɗaga shi zai saka a bayan mota, ya san inda nauyin ya taru. Gaba ne. Yawancin kekunan da ake samu a hannun 'yan gwanjo da shagunan cikin gari suna zuwa ne da fok mai sifirin na ƙarfe, irin su SR Suntour XCT da XCM, kuma ɗaya daga cikinsu kan haura kilo 2.5 shi kaɗai. Fok ɗin da 'yan tsere ke hawa, kamar RockShox SID SL ko Fox 32 Step-Cast, tsakanin kilo 1.3 ne da 1.4. Ka ga an samu ratar fiye da kilo guda a abu ɗaya tak. Ban da tayoyi, babu wani ɓangare na keke da za ka canja ka ji bambanci a hannunka nan take kamar wannan.

Sai dai masu sayen fok da yawa da lambar nauyi suke farawa, kuma a nan suke yin asara. Mutum ya ga an rubuta giram 1,350, ya biya kuɗi, kaya su iso, sai a tarar wuyan ba ya shiga firem, ko tayarsa ba ta zama a ciki. Ni a wurina nauyi shi ne tambaya ta ƙarshe. Kekenka ne zai fara zaɓa, sai jikinka da hanyar da kake bi, sannan aljihunka. Abin da ya tsira daga wannan tankaɗe, a cikinsa ake neman marar nauyi.

Kafin mu shiga, bari mu daidaita suna don kada mu riƙa magana biyu. Bututun da ke shiga cikin firem ya fito ta sama a ɗaura masa hannun keke, shi zan riƙa kira wuya. Abin da ke ƙarƙashinsa ya rabu biyu, kafaɗa. Bututu biyu masu sheƙi da ke saukowa daga kafaɗa, sanduna. Inda sandunan ke nutsewa kuwa, wanda taya ke ɗaure a ƙasansa, kube.

Fara da auna wanda kake da shi

Cire tayar gaba, kwance birki, sassauta hannun keke, ka zare fok ɗin gaba ɗaya. Idan ba ka saba ba, mai gyaran keke zai yi maka a minti goma. Rataye shi a sikelin hannu irin na masu auna kaya, ka rubuta abin da ya nuna. Wannan lambar ce za ta gaya maka ko canjin ya cancanci wahala. Wanda nasa ya kai kilo 2.6, idan ya koma fok mai iska na kilo 1.8 ya sauke giram 800, kuma kuɗin bai kai ya kawo ba. Wanda nasa ya riga ya zama kilo 1.7, zai biya ninkin-ba-ninkin wancan kuɗi don ya sauke giram 350, abin da bai kai nauyin ruwan leda guda ba. Tun da fok ɗin yana hannunka, kada ka mayar da shi sai ka gama sauran awon.

Wuya: nan ne mafi yawan ciniki ke lalacewa

Dubi wuyan da ka zaro. Iri uku za ka iya tararwa.

Akwai miƙaƙƙe, wanda kaurinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, inci 1 da 1/8, wato milimita 28.6. Shi ne a jikin kusan duk kekunan shekarun 1990 da 2000, kuma har yau masu araha da shi suke zuwa. Akwai mai buɗaɗɗen gindi, wanda samansa milimita 28.6 ne amma yana faɗaɗa har ya kai inci 1.5 a kusa da kafaɗa. Kusan duk wani fok na kirki da ake ƙerawa yanzu irin wannan ne, domin faɗin gindin yana ba shi ƙarfi ba tare da an ƙara masa kauri ba. Na uku shi ne mai zare a sama, wanda ake ɗaure shi da babban noti, galibi inci 1. Idan wannan ne a kekenka, shawarata ka haƙura da maganar canja fok, ka tara kuɗin ka canja keken.

Yanzu juya ga firem, ka dubi bututun da wuyan ke ratsawa. Idan shi ma ƙasansa ya fi samansa faɗi, ka huta: mai buɗaɗɗen gindi zai shiga, miƙaƙƙe ma zai shiga idan aka saka masa zoben ragewa a gindi. Idan bututun miƙaƙƙe ne, sai ka auna faɗin cikinsa bayan an cire kofin boris. Milimita 44 yana nufin akwai mafita, domin ana sayar da kofin ƙasa mai zama a waje, lambarsa EC44/40, wanda ke barin fok mai buɗaɗɗen gindi ya shiga. Zai ɗan ɗaga gaban keken da kamar santimita guda, ka riƙe wannan a ranka. Idan kuwa milimita 34 ka samu, ƙofa ta rufe, miƙaƙƙen wuya kaɗai za ka nema. Kada wani ya ruɗe ka da cewa za a kai wa mai walda ko mai injin juyi ya buɗa. Wannan wurin shi ke ɗauke da rayuwarka a gangare.

Auna tsawon tsohon wuyan ma, daga kafaɗa zuwa ƙarshensa. Sabon fok yana zuwa da dogon wuya a yanke shi daidai, amma na hannu an riga an yanke shi a kan keken wani. Wanda ya fi naka tsawo ba matsala. Wanda ya gaza naka da fiye da kaurin zobban tazara, wato zobban da ake jerawa a wuya ƙarƙashin maɗaurin hannun keke, ba shi da amfani gare ka ko da kyauta aka ba ka.

Taya, aksul da birki

Girman taya a rubuce yake a gefenta: 26, 27.5 ko 29. Idan rubutun inci ya goge, nemi lambar milimita: 559 ita ce 26, 584 ita ce 27.5, 622 ita ce 29. Sayi fok na girman tayarka. Ƙaramar taya takan zauna a fok na babba idan birkin faranti ne, amma babba ba ta shiga na ƙarama, kuma ko ta shiga, ranar da fok ya nutse har ƙarshe taya za ta daki kafaɗa ta tsaya cak.

Aksul kuma ya kasu. Tsohon yayi shi ne siririn tsinke mai maɗauri da ake buɗewa da hannu, wanda hob ɗinsa, wato cibiyar taya da aksul ke ratsawa, ke da faɗin milimita 100, taya tana faɗawa cikin tsaga biyu a ƙasan kube. Sai mai kauri na milimita 15 da ke ratsa rami ya ɗaure da zare, shi ma faɗin 100. Daga wajejen 2015 aka shigo da wanda ake kira Boost, kauri 15 faɗi 110, kuma shi ya mamaye kasuwa yanzu. Aksul mai kauri ya fi riƙe taya, ana jin hakan a kwana da lokacin taka birki. Amma fa idan ka sayi fok ɗin Boost alhali tayarka mai tsinke ce, ka sayo wa kanka aikin canja hob ko tayar gaba ɗungurungum. Wasu hob masu tsada ana canja musu murafun gefe su koma 15, masu araha ba a yi. Hob na 15 da faɗin 100 yana zama a fok ɗin Boost da zobba na milimita 5 kowane gefe da wani a bayan farantin birki. Yana aiki, sai dai duk sanda ka cire taya sai ka bi zobba a ƙasa kana nema. Lissafa kuɗin wannan duka a cikin kuɗin fok tun yanzu.

Birki ba shi da dogon bayani. Idan naka mai matse wili ne da roba, kana buƙatar fok mai kunnuwan ɗaura shi, kuma irin waɗannan sun yi ƙaranci a cikin masu kyau. Idan na faranti ne, fok na zamani yana da ramuka biyu masu fuskantar baya, tazararsu milimita 74, an yi su don faranti 160 ko 180 kai tsaye. Za ka iya ƙara girman faranti da adafta, ba ka iya ragewa ƙasa da abin da aka ƙera shi a kai. Kowane fok kuma yana da iyakar girman farantin da kamfani ya yarda da shi, kuma marasa nauyi iyakarsu ta fi ƙanƙanta.

Zurfin nutsewa da tsayin fok

Zurfin da fok ke iya nutsewa shi ke nuna aikin da aka yi shi dominsa. Milimita 100 zuwa 120 na masu dogon zango ne da hawa tudu da tsere. Daga 130 zuwa 150 na masu neman duwatsu da gangare da gangan ne. Daga 160 zuwa sama kuwa na masu saukowa daga tsauni a guje ne, maganar rashin nauyi ba ta shafe su sosai ba. Duk fok ɗin da ya amsa sunan marar nauyi yana cikin rukunin farko.

Jarabar da ke kama kowa ita ce a ƙara zurfi: tunda zan kashe kuɗi, me zai hana in ɗauki 140 a madadin 100? Abin da zai hana shi ne firem. Auna tsohon fok ɗinka daga tsakiyar aksul zuwa saman kafaɗa. A taya 29 mai nutsewar 100, za ka samu wajen milimita 505 zuwa 510. Duk ƙarin milimita 20 a wannan tsayi yana kwantar da kusurwar gaban keke da kusan digiri 1, yana ɗaga tsakiyar feda, yana tura sirdi baya. Ƙarin 20 yawancin firem suna ɗauka, wasu ma sukan fi daɗin gangare da shi. Ƙarin 40 zai sa gaban keke ya riƙa tashi yana yawo a hawa, ga kuma dogon fok yana zama kamar ƙarfen ɓanɓare ƙusa a wuyan firem ɗin da ba a gina shi don haka ba. Tsaya a abin da keken ya zo da shi, ko ka ƙara 20, iyaka ke nan.

Za ka kuma ga wata lamba, 44 ko 51 a fok ɗin taya 29. Tazarar da aksul ya yi gaba ce daga layin wuya. Tsofaffin kekuna sun fi zuwa da 51, sababbi masu dogon firem da 44. Ka ɗauki irin wadda ke kekenka idan ta samu. Idan ba ta samu ba kada ta hana ka barci, bayan fita biyu hannunka zai saba.

Kaurin sanduna, da nauyin mai hawa

A nan ne rashin nauyi ke karɓar harajinsa. Hanya mafi sauƙi ta rage nauyin fok ita ce a sirantar da sanduna a rage naman kube, kuma siririn abu yana lanƙwasa. Tarihin SID kansa ya nuna haka. RockShox, kamfanin da Paul Turner ya kafa a Amurka a 1989, ya fitar da SID na farko mai launin shuɗi a 1998 da sanduna milimita 28. Bai da nauyi ko kaɗan, amma masu jiki sun sha kuka da yadda yake murɗewa a kwana. Bayan shekara goma aka mayar da shi 32, yanzu kuma babban SID mai nutsewar 120 sandunansa 35 ne, aka bar 32 ga SID SL. Fox ma haka, sunan fok ɗinsu shi ne kaurin sandarsa: 32, 34, 36, 38, 40. Wato hatta 'yan tsere, waɗanda ke ƙirga giram kamar masu sayar da zinariya, sun yarda su ɗauki ƙarin giram 150 zuwa 200 don gaban keke ya bi inda aka nuna masa.

Ga yadda nake yanke hukunci. Mai nauyin kilo 60 zuwa 75 da ke bin burji, hanyar gona da tudu marar duwatsu da yawa, 32 ta ishe shi har da saura. Wanda ya doshi kilo 85 ko ya wuce, ko wanda filin wasansa duwatsu ne irin na kewayen Jos, ya nemi 34 ko 35, musamman a taya 29 inda ƙafafun fok suka fi tsawo. Alamar fok ya yi maka siriri ita ce ka taka birki da ƙarfi a gangare ka ji gaban yana karkarwa gaba da baya, ko ka shiga kwana mai duwatsu taya ta zaɓi hanyarta ita kaɗai. Sanduna 30 kuwa na yawon gari ne da hanya mai sauƙi.

Dubi kuma abin da aka yi sandar da shi. Ta ƙarfe tana da nauyi kuma tana tsatsa idan rufinta ya kankare, ta alminiyam ta fi sauƙi da giram ɗari biyu ko uku. A jerin RockShox masu araha irin su Judy da Recon, kalmar Silver na nufin ƙarfe, Gold na nufin alminiyam. Idan kana shakka, maganaɗisu zai raba gardama. Rufi mai launin zinariya da ke kan sandunan Fox masu tsada, wanda ake kira Kashima, kyau ne da ɗan ƙarin santsi. Baƙar sanda ta ajin Performance ba ta fi shi nauyin a-zo-a-gani ba, kuma ni ban taɓa ganin wanda launin zinariya ya haye da shi tudu ba.

Iska ko sifirin, da linzamin da ke ciki

Mai neman rashin nauyi ba shi da zaɓi a nan, iska zai ɗauka. Bayan sauƙi, babban amfaninta shi ne ana daidaita ta da nauyin mutum. Sifirin na fok mai araha an yi shi ne don matsakaicin mutum, siriri ba ya iya nutsar da shi, ƙato kuma yana kai shi ƙasa. Amma fok mai iska yana buƙatar famfonsa na musamman, ƙarami mai agogo da ke kai wa psi 300 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne). Famfon taya da injin mai faci ba sa wannan aikin. Sa kuɗin famfo a lissafi.

A ɗaya ƙafar, galibi ta dama, akwai abin da ya fi sifirin muhimmanci: mai ne da ake tilasta wa bi ta ƙananan ramuka don ya rage saurin nutsewa da saurin dawowa. Shi ne linzamin fok. Idan babu shi, fok zai riƙa tsalle kamar ƙwallo, taya tana barin ƙasa bayan kowane dutse. Mafi ƙarancin abin da za ka yarda da shi shi ne fok mai maɓallin daidaita saurin dawowa. A RockShox da Fox ja ne, yana ƙasan ƙafar dama. Duk fok ɗin da babu wannan, ka wuce shi komai sauƙinsa.

Makullin da ke sandarar da fok a kan kwalta yana da amfani, shi ne shuɗin maɓalli a saman kafaɗa. Wanda ake ja da waya daga hannun keke kuwa na ɗan tsere ne da ba ya iya sakin hannu. Ga sauranmu ƙarin waya ce da za ta ci ƙura ta cije, da ƙarin nauyin da muka fito gudu. Ka sani kuma, linzamin fok mafi sauƙi, irin Charger Race Day da ke cikin SID, an ƙanƙanta shi ne da gangan, mansa kaɗan ne. Yana aikinsa a tsere, amma a doguwar gangara mai gargada bai kai na Pike, fok ɗin RockShox na masu gangare, natsuwa ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

To wanne ke nan?

Idan kekenka mai taya 26 ne da miƙaƙƙen wuya da tsinke, wanda shi ne halin yawancin kekunan gwanjo, zaɓinka bai da yawa, kuma hakan sauƙi ne. Dubi SR Suntour Epixon, Manitou Markhor, ko RockShox Recon. Duka ana samun su masu iska. Biyun farko suna ƙasa da kilo 2, Recon mai sandar ƙarfe yana ɗan haura haka. Tsohon Reba ko SID na taya 26 da aka kula da shi ya fi su duka sauƙi, idan ka dace da shi.

Idan firem ɗinka na zamani ne, Reba mai wajen kilo 1.6 zuwa 1.7 shi ne inda kuɗi da amfani suka haɗu, a ganina. Daga nan zuwa SID SL, Fox 32 Step-Cast, Manitou R7 ko DT Swiss F 232 One, kowane giram tsada yake ƙarawa, manyan cikinsu suna dosar dala 1,000. Mai tsere yana da hujja. Wanda ke fita ranar Asabar da abokai, gara ya sa ragowar kuɗin a tayoyi masu kyau.

Akwai kuma hanyar da mutane ke jin kunyar ambata: fok marar shok. Na kabon ba ya kai kilo guda, yawanci giram 600 zuwa 800 ne, ba ya shan mai, ba ya yoyo. Idan tafiyarka burji ce da yashi da kwalta, shi da faffaɗar taya mai sassaucin iska sun fi fok mai sifirin da ya cije. Ka tabbatar dai tsayinsa ya yi daidai da na fok mai shok da zai gada. Tsakanin biyun akwai Lauf na ƙasar Ayislan, mai amfani da siraran ɓawon gilashi masu lanƙwasa a maimakon sanduna, nauyinsa wajen kilo 1, nutsewarsa milimita 60. Ba shi da linzami, don haka ƙananan gargada kawai yake sha.

Idan na hannu za ka saya

Tafi da famfo da tsumma. Goge sandunan, ka bi su da farce daga sama har ƙasa. Duk ƙarzanen da farce ya maƙale a ciki zai riƙa yanka sil, wato robar da ke bakin kube mai tare datti, yana shigar da datti. Danna fok ɗin ka duba inda sanda ke gogar bakin kube: idan launin ya koɗe har farin alminiyam ya fito, an daɗe ana hawansa a bushe, kuma gyaransa canjin kafaɗa da sanduna ne gaba ɗaya, kusan rabin kuɗin sabo.

Idan yana jikin keke, riƙe birkin gaba, ɗora yatsa inda sanda ta haɗu da kube, ka girgiza keken gaba da baya. Ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin yatsanka na nufin zobban ciki sun cinye. Tabbatar ba boris ɗin wuya ke motsi ba, ka mayar da yatsan can ka sake gwadawa. Juya jan maɓalli zuwa ƙarshe ɗaya ka danna, ka juya zuwa ɗaya ƙarshen ka sake dannawa. Dole ka ga bambanci a fili, in babu, linzamin ya mutu. Gwada makulli. Sauke iskar duka ka ga ko yana nutsewa har ƙarshe ba tare da cijewa ba, sannan ka cika shi, in da hali a bar shi ya kwana a sake aunawa. Leƙa ƙasan kube da gadar da ta haɗa ƙafafun biyu ko akwai tsaga, domin kuben magniziyam ba ya karɓar walda.

Jabu kuma sun cika kasuwar intanet, musamman masu ɗauke da tambarin Fox. Sitika ba shaida ba ce. Fok na gaske yana da lambar siriyal, a RockShox tana bayan kafaɗa, kuma kamfanonin biyu suna da shafin da za ka saka lambar ya faɗa maka samfurin da shekararsa. Sabon fok na 'yan tsere a kuɗin na yawon gari, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Tambayar da ta fi nauyi: wa zai buɗe maka shi?

RockShox sun ce a buɗe kube a wanke a canja mai duk bayan awa 50 na hawa, a yi babban gyara a awa 200. Fox sun ce awa 125 ko shekara guda. Mai hawa awa biyar a mako zai cika awa 50 a mako goma. Ƙurar hunturu irin tamu kuma, mai laushi kamar garin bula, tana bin sanda ta wuce sil ta gauraya da mai ta zama sabulun karce. Fok marar nauyi, da ɗan man da ke cikinsa, shi ya fi saurin jin jiki.

Saboda haka kafin ka biya, bincika ko ana samun sil da zoben soso na wannan samfurin, ka saye su tare da fok ɗin, da kwalbar man shok da giris ɗinsa irin su SRAM Butter ko Slickoleum. Buɗe kube ba gagarumin aiki ba ne, alanki ne da gudumar roba da sirinji, kamfanonin kuma sun saka littattafan gyaransu kyauta a intanet. Abin da ba a yi shi ne zuba baƙin man mota, wanke sil da fetur, ko kai keke wurin wankin mota a harba masa ruwa mai ƙarfi a bakin kube. Bayan kowace fita goge sanduna da tsumma mai tsabta. Lokaci-lokaci ka kifa keken na 'yan mintuna, mai ya gangaro ya jiƙa soson da ke ƙarƙashin sil.

Ɗaurawa da saiti

Cire zoben boris daga gindin tsohon wuya ka mayar a sabon, ko ka sa sabo idan kaurin ya canja. Haɗa komai ba tare da yanka ba: fok, boris, zobban tazara, maɗaurin hannu. Yi alama a saman maɗaurin, ka sauko da milimita 3 ƙasa da alamar, nan ne wurin yanka. Na taɓa yanke wuya ina sauri kafin magariba, na manta ban saka murfin boris na sama ba, santimita guda ta raba ni da fok ɗin da ban ko hau ba. Tun daga ranar nake barin ƙarin santimita ɗaya ko biyu, in ɗora zobe a sama, in hau na mako biyu kafin in yi yankan ƙarshe. Zobban da ke ƙarƙashin maɗauri kada su wuce milimita 30.

Wuyan alminiyam ana buga masa notin tauraro a ciki. Wuyan kabon ba a yi masa haka, haƙoran notin za su tsaga shi, toshe mai buɗewa ake saka masa. Fara ɗaure murfin sama har motsin boris ya ɓace amma kan keke yana juyawa sakayau, sannan ka ɗaure kusoshin gefen maɗauri, yawanci Nm 5 aka rubuta a jikinsu, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri.

Saura iska. A bayan ƙafar fok galibi akwai jadawalin nauyi da psi, fara da shi. Buɗe makulli, sa kayan da kake hawa da su har da ruwan sha, hau keken wani ya riƙe maka, ka tashi tsaye a kan feda. Ɗan yi rawa sau biyu, tsaya, a tura zoben robar da ke jikin sanda ya taɓa sil, ka sauka a hankali ba tare da danna gaba ba. Auna tsakanin zoben da sil. Kana neman kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na zurfin fok, wato milimita 15 zuwa 20 a fok na 100, ko 18 zuwa 24 a na 120. Ya wuce haka, ƙara iska psi 5. Bai kai ba, rage. Duk sanda ka canja iska ka danna fok ɗin sau da yawa kafin ka sake awo, don ɗakunan iska biyu da ke cikinsa su daidaita.

Jan maɓalli kuma, a RockShox za ka ga hoton zomo da kunkuru. Sa shi a tsakiya, tsaya gefen keke, danna hannun da ƙarfi ka saki farat ɗaya. Idan taya ta yi tsalle ta bar ƙasa, juya wajen kunkuru. Idan fok yana tasowa kamar mai ciwon baya, juya wajen zomo. Wurin da kake nema shi ne mafi saurin da taya ba ta ɗagawa. Daga nan ka nufi hanyar da ka fi sani, ka bi ta yadda ka saba, ka dawo ka dubi inda zoben roba ya tsaya. Idan ya rage kamar santimita guda ya kai ƙarshe bayan ramin da ya fi kowanne girma, saitin ya yi. Rubuta psi da adadin juyin maɓallin a wayarka, ka sake duba iskar bayan wata guda.